Wasan wuta

wasan wuta (suna, namiji, jam'i: wasannin wuta). Harba ƙunshin albarushi sama da dare, ya fashe ya watsa tartsatsi mai launi, don murnar biki. Ana kuma cewa wasan tartsatsin wuta.

Albarushin daga ƙasar Sin ya samo asali. Gawayi da farar wuta na cikin haɗinsa. Launin kuwa daga ma'adinan da aka cuɗa ne: tagulla ke ba da shuɗi, wanda ya fi kowane launi wuyar fitarwa. Mai kallo daga nesa kan ga haske kafin ya ji ƙara, kamar walƙiya da tsawa a damina.

A wasu ƙasashen sanyi lokacin zafi ne kakarsa, sa'ad da mutane ke iya kwana a waje. Amurka na yin nata ran 4 ga Yuli, Faransa ran 14 ga Yuli, Japan kuma a bakin kogin Sumida na Tokiyo, Asabar ta ƙarshen Yuli, al'adar da ake danganta farkonta da 1733.  Abin da ke kama da wasan wuta a al'adar ƙasar Damagaram shi ne harbin 'yan bindiga ranar hawan salla, amma wannan ƙara ce da hayaƙi, da rana tsaka.

Misali: "Inna, jiya na ga wasan wuta a Paris, sama ta haskaka kamar rana, sai na tuna da ku."