Daga Zara Matar Wata Zuwa Sababbin Duniyoyi

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yake da ilmin taurari iri biyu. Na farko shi ne na manoma, irin wanda dattawan ƙasar Dutse da Kiyawa suka gada, waɗanda kan gane ƙaratowar damina da ɓuyar Kaza da 'Ya'yanta. Na biyu shi ne na malamai, masu lissafin manzili 28 da taurari bakwai masu tafiya, waɗanda suka haɗa har da rana da wata. A wannan fanni Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna.

Dukkansu biyu sun ɗauki tauraro a matsayin alamar lokaci. Zara, wadda sunanta ya samo asali daga Zuhra ta Larabci, ita ce ke zama Gamzaki idan ta fito da asuba. A 1970 kumbon Rasha mai suna Venera 7 ya sauka a kanta, aka tabbatar cewa dunƙulen ƙasa ce mai zafin da ya haura digiri 450, domin iskarta mai kauri tana riƙe zafin rana. Ashe matar wata tanderu ce.

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro mai kama da ranarmu. Zuwa 2022 adadin irinta ya wuce 5,000. A 2017 aka bayyana bakwai masu kewaya tauraron TRAPPIST-1. Abin da masana ke fara dubawa shi ne tazara: duniyar da ta matsa kusa da ranarta ruwanta zai ƙafe, wadda ta yi nisa kuwa nata zai daskare. Amma labarin Zara ya nuna sai an haɗa da binciken iska, aikin da madubin James Webb, wanda aka harba a 2021, yake yi.

Nan ne matsalar harshe ta taso. Kalmar tauraro ta haɗe mai haskaka kansa da mai aron haske, duniya kuwa a wajen Bahaushe kishiyar lahira ce, shi ya sa jam'inta, duniyoyi, yake wa wasu nauyi a kunne. Ya kamata masana Hausa da na kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutse su zauna tare su tsai da kalmomin, su kuma tattara sunayen taurari daga bakin dattawa tun suna raye.