Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Renon Baiwa a Gidajen Kiristocin Hausawa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Bunkure, manomin rani kuma ɗan kasuwar tumatir. Yana cewa yana da maƙwabtan gona Hausawa Kiristoci, yakan ji suna cewa wane yana da baiwar waƙa, wance baiwar koyarwa. Yana so ya san asalin abin, da yadda suke rainonsa a gida.

To malam, baiwa a wurin Kirista kyauta ce da suka gaskata Ruhu Mai Tsarki yana ba kowane mai bi, domin amfanin jama'a. An lissafa su a wasiƙun Bulus, a Romawa sura 12 da Korantiyawa ta Ɗaya sura 12. Akwai koyarwa, hidima, bayarwa, shugabanci da jinƙai.

Shi kuwa tarihin, a 1900 ne ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, amma Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Miller, ya zauna a Zariya daga 1905, kuma a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan wa'azi a cikin masarautu, sai a shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta samu shiga ta hanyar jinyar kutare, kamar a Yadakunya kusa da Kano. Daga nan aikin ya kai ƙauyukan Maguzawa na wajen Karaye, Sumaila da Tudun Wada. A 1954 aka kafa ekklisiyar ECWA.

Babban abin da ya shigar da renon baiwa cikin gida shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tun da littafin ya zo da harshen gida, sai karatu ya zama aikin iyali. Bayan tuwon dare a taru, wannan yaro ya karanta, wancan ya ja waƙa, wani ya yi addu'a. A nan iyaye ke gane inda kowa ya fi ƙarfi. Mai murya a kai shi ƙungiyar mawaƙa, mai haƙuri da ƙanana a ba shi ajin makarantar Lahadi, mai riƙon amana a damƙa masa lissafin baiko. Mata kuma suna da Zumuntar Mata, inda 'yan mata ke koyon ziyarar marasa lafiya.

An kuwa ga amfanin wannan tarbiyya. Wusasa ce ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ma ɗan irin wannan gida ne, kuma bayan ya bar aikin gwamnati ya koma hidimar coci da jinya a Samaru.

Sai dai fa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa, Kura da Bunkure. Rani da ke zaman lokacin karatu ya koma lokacin ban ruwa, dashen shinkafa da tsinkar tumatir. Yaro ya dawo a gajiye, zaman dare ya ragu. Wannan damuwa ba ta Kirista kaɗai ba ce, malamin makarantar allo ma ya san ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka duk uban da ke son ya gane baiwar ɗansa, sai ya ware masa lokaci ko da ana tsakiyar kakar tumatir.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.