Masu muryar da ba ta jiran lasifika: daga Freddie Mercury zuwa Shata

1/ Jama'a, ana ta musu a kan wa ya fi ƙarfin murya a tarihin kiɗan rok. Wasu na cewa Freddie Mercury, wasu Robert Plant, wasu Tina Turner. Ni ɗan Kudan ne, kuma ina da ta cewa. Zaren na da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Freddie, wanda aka haifa a Zanzibar a 1946, ya hau dandalin Wembley ran 13 ga Yuli 1985 a taron Live Aid. Mutum wajen 72,000 ya juya da murya, yana bayarwa suna amsawa. Wannan ba wasa ba ne.

3/ Amma ku lura, rok ɗan lantarki ne. Gita na jone da na'ura, mawaƙi na riƙe da makirfo. A 1965 The Beatles sun yi wasa a filin Shea na New York, ihun 'yan kallo ya danne lasifikokinsu har ba a jin waƙar. A 1966 suka daina yawon wasa gaba ɗaya.

4/ To mu dawo gida. Makaɗin Hausa na da a fili yake tsayawa: ƙofar fada, dandalin dambe, gonar gayya, gidan biki. Ga kalangai na tashi a bayansa, ga hayaniyar jama'a, ga maroƙa na kirari. In muryarka ba ta keta wannan duka ba, wallahi sai dai ka nemi wata sana'a.

5/ Ɗauki Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mawaƙin Shago. Aikinsa ya tsuma ɗan dambe har jikinsa ya ɗauki rawa ya shiga fage. Da raɗa ba a tsuma namiji. Shi ya sa in ka saurari tsohon kaset ɗinsa za ka ji muryar a buɗe take, daga ƙirji take fitowa.

6/ A fada kuma salon daban. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, da kotso suke aiki. Jagora ya jefa ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa. Dabara ce: yayin da suke amshi, shi yana mayar da numfashi.

7/ Sai Dakta Mamman Shata, ɗan Musawa. An haife shi a 1923, ya rasu ran 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Ba ya rubuta waƙa ya haddace, nan take yake ƙirƙira. Ka yi tunani: kana ɗaga murya sama da kalangai, kana tsara magana a lokaci guda, kuma Hausar ba ta karye ba.

8/ Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, nan maƙwabtanmu, ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Je ka saurari Bakandamiya da kunnen basira, ka ƙirga inda ya tsaya shan iska. Za ka gane dalili.

9/ Mata fa? Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013. Ƙore kawai ake kaɗawa, mata cike da tsakar gida ana shewa ana guɗa, amma muryarta ce a sama. In ana lissafin Tina Turner da Janis Joplin, ni dai ban ga abin da zai hana a sa Barmani a layin ba.

10/ Kar ku ɗauka ƙarfin murya ihu ne kawai. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi. Ba ya tsawa, amma kalma ɗaya ba ta ɓace maka. Kuma daƙiƙa biyu ta isa ka ce wane ne. Wannan ma ƙarfi ne.

11/ Me ya sauya? Rediyon Kaduna ya fara a 1962, kaset ya biyo baya, murya ta daina buƙatar fili kafin ta isa ƙauye. Daga baya waƙoƙin fim suka koma sitidiyo da fiyano. Auto-Tune ya fito a 1997, ba a jima ba ya zama gishirin miyar waƙoƙinmu.

12/ Abin dariya, wannan salon namu har rok ya taɓa. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar da Turawa ke yi wa kallon gwanin gita a yau, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da Auto-Tune irin na waƙoƙin Hausa. Ta katin waya waƙoƙin suka bazu a Sahara.

13/ Don haka ba na'urar nake zagi ba. Damuwata ita ce yanzu a bukukuwan Kudan da Hunkuyi, DJ ne da janareta. Mai ya ƙare, biki ya mutu. Sannan waƙa biyar za su wuce a jere ban iya bambance masu su ba, duk an goge muryoyin sun zama ɗaya.

14/ Amma ka shiga kasuwar rake ta Makarfi, ka ji direban babbar mota ya saki Shata. Rikodin ɗin tsoho, yana shuuu, amma ba mai tambayar wane ne wannan. Shekara fiye da 25 da rasuwarsa.

15/ Shawarata ga abokaina masu shiga sitidiyo: kafin a taɓa muryarka da kwamfuta, gwada rera baiti uku a fili, ba makirfo, ka ga ko na bayan taro zai juyo. Ku kuma masu tsofaffin kaset a gida, don Allah kar a bar su a rumbu gara ta ci, a juye su a waya.

16/ Nawa jerin ke nan: Shata, Ɗan Anace, Barmani, sannan Freddie. Na san 'yan Ɗanƙwairo ba za su bar ni in yi barci ba yau. Ku kawo naku, amma da hujja.