Daga Hatimi zuwa Kalmar Sirri: Tarihin Isar da Saƙon Aiki a Damargu

1. Gabatarwa

Ma'aikacin da ke zaune a ofishin magajin garin Falanko, ko a wata asibiti ko makaranta ta gundumar Tanut ko ta Balbeji, yana fuskantar tambayoyi uku a kowace ranar aiki. Ta farko: akwai rezo ko babu? Ta biyu: ta yaya zai kai ga takardar da ke ajiye a Damagaram ko Yamai ba tare da ya shiga mota ba? Ta uku: saƙon da ya shigo masa, shin daga wanda aka ce ya aiko shi ya fito? A cikin wannan ƙasida muna so mu nuna cewa a Damargu waɗannan tambayoyi sun girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Abin da ya sake shi ne wanda ke ɗauke da nauyin amsa su. A da, akwai mutum na musamman tsakanin mai aikawa da mai karɓa. A yau nauyin ya faɗo a kan ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai.

2. Zamanin ayari

A ƙarni na 19 Damargu tana bisa babbar hanyar fatake wadda ta tashi daga Kano, ta bi Damagaram da Abzin, ta kai Gat da Gadamas da Tarabulus. Ita ce kuma rumbun geron Abzinawa, kamar yadda Stephen Baier ya bayyana a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. A nan ne, a Tagelel, matafiya uku na Turai, watau Barth da Richardson da Overweg, suka rabu cikin watan Janairu na 1851. Muddin suna rabe, sai ta wasiƙa suke jin labarin juna, wasiƙa kuwa ba ta wuce saurin raƙumi ko doki.

Haka attajiran Gadamas suke gudanar da harkokinsu da wakilansu na Damagaram da Kano: odar kaya, lissafin bashi, labarin farashi, duka a rubuce cikin Larabci, a hannun ayari, tafiyar watanni. Amincin irin wannan wasiƙa ya dogara ga abubuwa uku. Akwai hannun malamin da ya rubuta, wanda mai karɓa ya sani. Akwai hatimi, musamman a wasiƙun sarauta irin na Barno, wadda Damagaram ke kai wa gaisuwa. Akwai kuma manzo, sanannen mutum da za a iya yi wa tambaya, a kuma kama shi da laifi idan ya yi ƙarya. Saƙo yana jinkiri ƙwarai, amma da wuya ya iso ba tare da mai shaidarsa ba.

3. Waya da rediyo

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwatar yankin soja na Nijar a 1911, kafin a maida mazaunin gwamna Yamai a 1926. A 1911 ɗin ne kuma layin dogo ya iso Kano, abin da ya ƙarasa karya cinikin hamada. Hanyar labari, wadda a da ta miƙe daga kudu zuwa arewa ta ratsa Damargu, sai ta juya ta zama daga yamma zuwa gabas, tana bin igiyar tangaraho da ta haɗa Yamai da Damagaram. Tun lokacin Damargu ta koma gefen hanya. Hausa ta riƙe shaidar wannan zamani cikin kalmomin “buga waya” da “gidan waya”.

Inda igiya ta ƙare, mahaya raƙuma da dogaran sarakunan kanto ne ke ƙarasa da takarda. Sababbin masu tsakani suka bayyana: tafinta da ma'aikacin gidan waya. Saƙon da mahukunta ba su so kowa ya gane ba, sai su aika da shi cikin lambobin sirri.

Bayan samun mulkin kai a 1960, rediyon hukuma da ma'aikata ke kira RAC ya zama hanyar da ƙananan hukumomi ke magana da manyansu. Akwai sa'o'in da aka ƙayyade na kira. Ma'aikacin rediyo yakan rubuta saƙo, ya ba shi lamba da kwanan wata, ya shigar da shi rajista. Duk mai akwatin da ya kamo zangon yana iya saurare, saboda haka sirri kaɗan ne. Amma kowane saƙo yana barin sawu a littafin ofis. Wannan batu na sawu za mu komo gare shi.

4. Imel da salula

Imel ya fara shigowa Nijar ta ƙofar masu bincike. Cibiyar ORSTOM ta Faransa ta kafa tsarin RIO tun daga 1989, ya kuma haɗa biranen Afirka da dama, har da Yamai. Na'ura kan tara saƙonni, ta kira ta layin talho a lokacin da aka tsara, ta miƙa su, ta karɓo na shigowa. In an lura, tsarin ayari ne cikin sabuwar riga. Cikakkiyar intanet ta iso Yamai tsakanin 1996 da 1997. Kamfanin SONITEL, wanda aka kafa a 1997, an sayar da mafi yawan hannun jarinsa a 2001, gwamnati ta karɓe shi a 2012, aka haɗe shi da SahelCom a 2016 ya zama Niger Telecom.

Karkara kuwa wayar salula ce ta buɗe ta, tun daga zuwan Celtel a 2001, wanda ya zama Zain, daga bisani Airtel a 2010. Binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ga ƙasar gero irin Damargu wannan babban al'amari ne.

A daidai wannan lokaci ofisoshi suka yawaita. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, Falanko tana cikinsu, sa'an nan Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Kowane sabon ofis yana da rahoton da zai aika da lissafin da zai cika. Sai dai igiyar fiba ta bi babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, kamar yadda tangaraho ya yi, ofishin ƙauye kuwa ya dogara ga eriyar salula da hasken rana ko janareto. Yanke intanet ta salula na kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairu na 2021 ya nuna raunin dogaro ga hanya guda. Fara aikin Starlink a Nijar a 2025 ya kawo wata hanyar ta tauraron ɗan'adam, ga mai halin biya.

5. Wa ke riƙe da hatimi?

Masanin na'ura, magajin malamin wasiƙa da ma'aikacin rediyo, galibi yana Damagaram ko Yamai. Yakan yi taimako ta waya, ko ya shiga na'urar ma'aikaci daga nesa da manhaja irin su TeamViewer ko AnyDesk. Wannan ya rage tafiye-tafiye, amma ƙofar da mai gyara ke shiga, ta nan ɓarawo ma ke shiga idan aka ba shi lambar.

A ofisoshin karkara da yawa aikin hukuma yana tafiya ne ta adireshin Yahoo ko Gmail na ma'aikacin kansa, ko ta WhatsApp a wayarsa. Kalmar sirri ita ce hatimin yau, amma hatimi ne da ake iya kwafa ba tare da mai shi ya sani ba. Saƙon damfara yakan zo da sunan shugaba ko na wata ƙungiyar agaji, ba hannun rubutu da za a gane, ba manzon da za a tsare. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017 da dokar yaƙi da laifuffukan intanet a 2019. Sai dai hukuncin doka yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku.

Matakan da masana ke ba da shawara a kansu, in an duba su da idon tarihi, maido da tsofaffin shaidu ne. Kiran mai aikawa ta lambar da aka riga aka sani kafin a fitar da kuɗi, shi ne yi wa manzo tambaya. Ƙarin lambar da ke zuwa a waya bayan kalmar sirri, shaida ce ta biyu. Adireshin da ofis ya mallaka, wanda ake miƙawa ga sabon ma'aikaci ranar karɓar aiki tare da canza kalmar sirri, shi ne hatimin da ke zama a fada ko da an sake sarki.

6. Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin tarihi. Muna iya rubuta tarihin Damargu na zamanin Turawa domin rahotanni da wayoyinsu suna ajiye a ma'adanar takardun ƙasa a Yamai. Muna karanta wasiƙun ƙarni na 19 domin takarda ta daɗe. Amma idan aka canza wa ma'aikaci wurin aiki ya tafi da adireshinsa, ko wayarsa ta faɗa ruwa, wasiƙun ofis na shekaru sun tafi ke nan. Ɗalibin da zai zo neman yadda ƙananan hukumomin Damargu suka tunkari fari da yunwa bayan 2004 yana iya tarar da zamanin da aka fi kowane yawan rubutu shi ne ya fi ƙarancin shaida.

Saboda haka muna ba da shawarar ayyuka biyu ga ɗalibanmu masu neman batun bincike. Na farko, a ɗauki hira da tsofaffin ma'aikatan gidan waya da na RAC na Tanut da Damagaram tun suna raye, a kuma nemo rajistocinsu. Na biyu, a zauna da hukumomin Falanko da maƙwabtanta a tsara yadda za a riƙa kwafe wasiƙun imel na aiki ana adana su a ofis duk ƙarshen shekara, kamar yadda ake ɗaure rajista.