Tarihin Dacewar Ram da Uwar Allo a Sana'ar Haɗa Kwamfuta

Ram ita ce ma'adanar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa, wadda ke shafewa da zarar an kashe na'urar. Uwar allo kuwa, wadda masu gyara ke kira madabod, ita ce faffaɗan allon da sauran sassa ke zama a kansa. Tun da aka fara haɗa kwamfutar tebur da hannu, mai haɗawa bai taɓa rabuwa da tambayar ko wannan ram za ta yi aiki da wannan allo ba. Inda ake neman amsar ne ya yi ta sauyawa.

A kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, ram wasu 'yan baƙaƙen gutsattsari ne masu ƙafafu, jere layi-layi a kan allon, tara a kowane layi. Layin farko an liƙe shi da darma, sauran kuma cusa su ake yi ɗaya bayan ɗaya, har a kai kilobait 64. Bayan haka sai a juya wasu 'yan makunnai don na'urar ta san adadin da aka saka mata. Aiki ne mai cin rai. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, kwamfuta ba za ta tashi ba. Zafi da sanyi kuma sukan sa gutsattsarin su ɗago daga gurbinsu a hankali, sai mai gyara ya bi su da babban yatsa yana dannawa.

Sauƙi ya zo ne da aka tattara gutsattsarin a kan siririn sanda guda, wanda ake kira SIMM, ƙirar da ta fito daga kamfanin Wang a farkon shekarun 1980. Sai dai ya zo da nasa lissafin. Sanda mai haƙora 30 bit 8 kawai yake bayarwa a lokaci guda, alhali firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin 486 bit 32 take nema, don haka dole a sa huɗu iri ɗaya tare. Da mai haƙora 72 ya fito, guda ɗaya ya ishi 486, amma Pentium ta 1993 sai da bibbiyu. Ƙwararru har launin haƙoran suke dubawa, domin haɗa na ruwan zinare da gurbi mai ruwan kuza yana jawo tsatsa a kwana a tashi. Sandan DIMM mai haƙora 168 ne ya kawar da wannan ƙidaya, ya kuma yaɗu da wani ɗan gutsure da ke gaya wa allo girman ram da gudunta. Ƙungiyar JEDEC da ke Amurka ce ke tsara waɗannan ƙa'idoji don kamfanoni su bi.

An sha wahala a wajajen shekarar 2000. Kamfanin Intel ya fitar da Pentium 4 a kan ram ɗin kamfanin Rambus, mai tsada, wadda ba ta yarda a bar gurbi babu komai ba: dole a cike shi da wani sanda wanda babu ma'adana a jikinsa, don wuta ta zagaya. Masu saye suka guje wa wannan ram, kasuwa ta koma ga wata mai suna DDR, kuma zuriyarta ce ake kai har yau. Ta farko haƙoranta 184. DDR2 ta 2003 da DDR3 ta 2007 kowacce 240 gare ta, sai DDR4 ta 2014 da DDR5 da ta biyo baya, masu 288. Ƙarfin wutar da suke sha ya yi ta raguwa, daga bolt 2.5 zuwa 1.8, da 1.5, da 1.2, har 1.1. Tun da tsayinsu ɗaya kuma adadin haƙora kan zo daidai, sai aka bar giɓi a tsakanin haƙoran, kamar wushirya, a wuri daban ga kowane zamani. Wannan dabara ta cancanci yabo, don ta ceci alluna da yawa daga ƙonewa. Sandan da bai dace ba ba zai shiga ba, sai in an tilasta shi an karya gurbin.

Amma shiga gurbi bai isa shaida ba. A da, sashen da ke sarrafa ram a kan allo yake. AMD ta mayar da shi cikin firosesa a 2003, Intel ta biyo baya a 2008, daga nan firosesa ta zama mai faɗa a ji. Firosesocin Intel na ƙarshen 2021 suna karɓar DDR4 da DDR5, amma kusan kowane allo ɗaya ya zaɓa. Allunan AM5 na AMD da suka fito a 2022 kuwa DDR5 kaɗai suka sani.

Shi ya sa mai haɗawa na yau ke fara duba zamanin ram, sannan iyakar girman da allo da firosesa za su ɗauka, sannan jerin sandunan da kamfanin allon ya gwada ya tabbatar. Gudun da aka rubuta a jikin kwali sau da yawa ba ya samuwa sai an kunna tsarin XMP ko EXPO a cikin bayos, wato manhajar saitin allo. Idan gurabe huɗu ne kuma sanduna biyu, yawancin alluna na biyu da na huɗu daga firosesa suke so. A kasuwannin gwanjo, irin ta kwamfuta da ke Ikeja a Legas, akwai ƙarin abin lura: ram ɗin da aka ciro daga manyan kwamfutocin saba tana iya shiga gurbi daidai, amma allon gida ya ƙi tashi da ita, haka kuma gajeren sandan kwamfutar cinya ba ya zama a gurbin ta tebur.