Ropa vieja: abincin ƙasar Kyuba da talakan Kyuba ya kasa dafawa

1/ Akwai ƙasar da yanka saniyarka ta kanka ka iya kai ka gidan yari na shekaru, alhali girkin da take alfahari da shi da naman sa ake yi. Ƙasar Kyuba ce, girkin kuma ropa vieja.

2/ A yaren Sifaniya, sunan na nufin tsofaffin tufafi, wato tsummokara. In ka ga kwanon za ka gane dalili: nama a yayyage zare-zare cikin jar miya.

3/ Da naman kwiɓi ake yi, wannan faffaɗan nama na gefen cikin saniya. Ba shi da kitse sosai, zarensa dogaye ne, ga tauri. Ka soya shi da garaje, ka tauna har muƙamuƙinka ya gaji.

4/ To matan Kyuba ba sa faɗa da taurin. Su zuba shi a ruwa da albasa da tafarnuwa, ya yi ta dahuwa a wuta kaɗan kamar awa biyu. In ya huce, su yayyage shi da hannu, suna bin zaren. Sai a soya albasa da tattasai da tumatir, a juye naman ya sha miya. Romon kuma ba a zubarwa, shi ne miyar wani abincin. Wanda ya taɓa ganin ana dambun nama ya san rabin aikin, sai dai wannan jiƙaƙƙe ne. A ci da farar shinkafa, wake baƙi da soyayyen agade.

5/ Asalinsa Sifaniya. A tsibiran Kanari, da ragowar naman da aka dafa jiya ake yinsa, don kada a yi asara. Mutanen Kanari sun yi ƙaura da yawa zuwa Kyuba lokacin mulkin Sifaniya, suka tafi da shi. A 1857 har ya shiga littafin girkin Kyuba.

6/ Kafin juyin juya halin 1959, shanun Kyuba sun kai kimanin miliyan 6, kusan kowane mutum da saniya guda.

7/ Sai abubuwa suka juya. A 1962 gwamnatin Fidel Castro ta fara rabon abinci da ɗan littafin da ake kira libreta. A 1963 aka hana yanka saniya ba da izinin gwamnati ba. Hujjar ita ce a kare garke, a samar wa yara madara. Kai ka yi kiwo, kai ka sha rana, amma wuƙa sai da takarda. Daga baya hukuncin ya kai har shekara 10. 'Yan ƙasar har zolaya suke yi wai kashe saniya ya fi kashe mutum tsada.

8/ Ni a ganina nan dokar ta ci kanta. Wa zai wahala da kiwon abin da ba zai ci ba? Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, abincin dabbobi da ake shigowa da shi ya yanke, shanu suka rame, suka mutu. Garken ya koma wajen miliyan 4.

9/ Ropa vieja bai ɓace ba fa. Ya koma otal-otal na masu yawon buɗe ido, da gidajen 'yan Kyuba da suka gudu Mayami. A cikin gida kuwa wasu suka riƙa yinsa da naman rago ko alade.

10/ Sai a Afrilun 2021 aka sassauta: makiyayi zai iya yanka saniyarsa ya ci ko ya sayar, amma sai ya cika kason da gwamnati ta ɗora masa, kuma garkensa bai ragu ba. Shekara 58 ke nan bayan hanin.