Gberefu: Rairayin Da Wasu Kakanninmu Suka Taka



Yawancinmu da muka tashi a Legas, in aka tambaye mu yaushe Bahaushe ya fara zuwa bakin teku, sai mu ce ai fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninmu, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Gaskiya ne, amma labarin ya girmi haka. Shekara ɗari kafin jirgin ƙasa, akwai Hausawan da suka iso bakin tekun nan a ɗaure, kuma da yawansu ba su sake ganin gida ba. Ɗaya daga cikin wuraren da suka bi shi ne wani ɗan ƙauye da ake kira Gberefu, tsallaken ruwa daga garin Badagry. Na kai ziyara can, shi ne na ga ya kamata in ba ku labarin wurin da abin da tarihi ya ce a kansa.

Hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Daga Mile 2 za ka bi ta gaban Alaba Rago, inda mahaifina ke sana'a, ka wuce Okokomaiko da Agbara, har ka isa Badagry, dab da iyakar Seme. Mutanenmu na bin hanyar nan kullum zuwa Kwatano saro kaya, amma kaɗan ne ke tsayawa. A bakin ruwan garin ake shiga kwale-kwale mai inji, cikin 'yan mintoci a sauke ka a Gberefu.

Ƙauyen shiru yake, in ka saba da hayaniyar Ikko har sai ka ji kunnenka na ƙara. Bishiyoyin kwakwa ne ko'ina, da bukkoki na ganyen kwakwa, da gidajen bulo jefi-jefi, masunta na gyaran koma a inuwa. Hanya ɗaya ce ta rairayi ta ratsa tsibirin daga bakin ƙorama zuwa babban teku, tafiyar kamar minti 20 a ƙafa. Wannan hanya ita ce aka ce bayi ke bi a jere cikin mari zuwa inda ƙananan jirage ke kwasarsu su kai su manyan jiragen da ke jira a can cikin ruwa. Ƙarshenta shi ake wa laƙabi da wurin da ba a dawowa. A gefen hanya akwai wata rijiya da masu zagayawa da baƙi ke cewa an zuba mata asiri, duk bawan da ya sha sai ya manta da gida. Wannan dai zancen baka ne. Amma ko babu asiri, mutumin da ya yi watanni yana tafiya a ƙasa daga Arewa, ya zo ya ga ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, ai ya san ta ƙare.

To yaya aka yi Badagry ta zama tashar bayi? Masana tarihi sun nuna cewa bayan Dahomey ta ci Allada a 1724 da Wida a 1727, mutane da dama sun gudo gabas, ciniki ya biyo su. Wajen 1736 wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Hertogh ya kafa wurin cinikinsa a Badagry, daga nan garin ya bunƙasa. Mutanen wurin Egun ne, sarautarsu kuma Akran. Daular Oyo ta riƙa turo bayi ta ƙasar Egbado zuwa wannan tasha, kuma Oyo na sayen da yawa daga cikinsu ne daga Nupe da Borgu da ƙasar Hausa. Yarbawa na kiran irin waɗannan mutanen Arewa Gambari, sunan da har yau ake jin sa a bakin tsofaffi.

Da aka fara jihadi a 1804, yaƙe-yaƙe sun yawaita, kamammu suka ƙaru ta kowane ɓangare. Wasu aka bi da su Sahara, wasu aka gangaro da su kudu ta Badagry da Ikko da Porto-Novo da Wida, aka loda su zuwa Bahia a ƙasar Brazil. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma jiragen Fotugal da Brazil sun ci gaba da ɗiba har wajen 1850.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da Hausawan nan suka yi bayan sun tsallaka. A Bahia an gano shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, suka tashi a 1809, suka sake tashi a 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi da 'yantattu suka yi babban bore a birnin Salvador. Yawancin waɗanda suka yi wannan Yarbawa ne, amma akwai Hausawa a ciki, kuma hukuma ta samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama. Wato dai karatun allo ya tsallake teku a cikin kawunan mutane. Ashe rijiyar ba ta ci kowa ba.

Akwai kuma wanda ya tafi ya dawo. A ƙarshen 1825 Baturen nan Clapperton ya sauka a Badagry zai tafi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani Bahaushe ne mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pasko. An taɓa sayar da shi, sojan ruwan Ingila suka ƙwato shi daga jirgin bayi, ya yi aiki a jiragensu. Ya raka Clapperton ta Oyo da Bussa da Kano har Sakkwato, inda Baturen ya mutu a watan Afrilun 1827. Sai ya rako yaron Clapperton, wato Richard Lander, suka dawo Badagry. A 1830 ya sake bin Lander da ƙanensa a tafiyar da suka gano inda kogin Kwara ke shiga teku. A makaranta an koya mana sunan Lander, amma ba a koya mana sunan Abubakar ba.

A cikin garin Badagry na ga sarƙoƙi da mari a gidan tarihin iyalan Mobee, masu nauyin da hannu ɗaya ba ya ɗagawa da daɗi. Na ga bene na mishan da aka gama a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya, ko da yake duk wanda ya san soraye da benayen ƙasa na Kano zai yi murmushi. Na kuma shiga kurkukun bayi na Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40, ƙanana, da 'yar taga can sama. Shi wannan mutum Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka sayar, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ku lura da sarautarsa, Seriki. Ai Sarki ne, kalmarmu ce. Na daɗe tsaye a ƙofar ina tunanin yadda kalmarmu ta hau kan gidan da aka tsare mutane kamar awaki.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bature bai je Katsina ko Zazzau ya kamo mutanen nan da hannunsa ba. Namu ne suka kama, namu suka sayar, daga hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Malamai irin su Muhammadu Bello sun yi magana a kan haramcin sayar da Musulmi ga Nasara, amma ciniki bai tsaya ba. A Arewa ma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. In za mu yi alfahari da jaruman Bahia, dole mu yarda cewa wanda ya karɓi kuɗinsu ma ɗan uwa ne.

Bayan Turawa sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin bayi a 1852, garin kuma ya shiga hannun Ingila a 1863. A wannan shekarar ce Glover ya tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya kafa rundunar da ta zama tushen soja da 'yan sandan Najeriya. Tashar Badagry ta mutu, ciniki ya koma Ikko, Gberefu ta koma hannun masunta da masu kwakwa kamar yadda take a yau.

'Yan uwa, duk sanda rikici ya taso a Mile 12 ko Idi-Araba ko Shagamu, abin da ake fara jefa mana shi ne mu baƙi ne, jiya muka zo. Mu kuma sai mu yi shiru domin ba mu san tarihinmu a nan ba. Ban ce tarihi zai ba mu ƙasar wani ba, ƙasa ta masu ita ce, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma sanin cewa an ɗaure Bahaushe da Bayarabe da Banufe a sarƙa ɗaya a kan wannan rairayi zai rage mana raina juna.

Ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da malaman Islamiyya su riƙa shirya wa yara ziyara can, ko sau ɗaya a shekara bayan salla. Mota ɗaya ta isa. In kun je, ku tafi da ruwan sha da hula domin rana na dukan hanyar sosai, ku daidaita kuɗin kwale-kwale kafin ku shiga, kuma in kun isa bakin teku ku yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a, tunda ba su da kabarin da za a ziyarta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam.